Ƙawayena suna cewa zanena ya yi kyau, wani kuma ya ce in koma fensir: wa zan saurara?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, kusan wata takwas ke nan ina koyon zane a wayata da manhajar ibisPaint, da yatsa nake yi don ba ni da alƙalamin zane. Duk wanda na gama sai in sa a sitatus, ƙawayena su ce Masha Allah ya yi kyau, amma ni a raina na san akwai abin da bai zauna ba. Satin da ya wuce na zana wata tsohuwa mai sayar da fura na tura a wani guruf na masu zane, sai wani ya ce fuskar a karkace take kuma kalar fatar kamar toka, wai gara in koma fensir. Kwana uku ban buɗe manhajar ba. Ta yaya zan samu gyara na gaskiya ba tare da an karya min gwiwa ba? Sannan ƙanina ma ya fara zane yana nuna min, ni ma ban san yadda zan gaya masa kuskurensa ba."

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya ƙara basira. In na fahimce ki daidai tambaya biyu kika haɗa, ta farko yadda za ki samu wanda zai gaya miki gaskiya a kan zanenki ta hanyar da za ki iya amfani da ita, ta biyu kuma yadda ke ma za ki gaya wa ƙaninki tasa gaskiyar. Su biyun tushensu ɗaya ne shi ya sa zan ɗan ja maganar, ki yi haƙuri da tsawonta. Ni dai na fi shekara goma ina cin abinci da wannan sana'a, na fara ne da manhajar zane ta CorelDRAW a wani shagon buga katin biki da banna a Kano kafin daga baya in koma zanen hoto da allon zane na Huion, kuma yara da dama sun zauna a gefena suna koyo, to abin da ya same ki na gan shi ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ni kaina ya same ni.

Bari in fara da ƙawayenki don kar ki riƙe su a rai. Wadda ta ce Masha Allah ba ƙarya take miki ba, ke take yabawa da ƙoƙarinki, ba hoton take aunawa ba. Ta gan shi ne na daƙiƙa biyu ko uku a sitatus tsakanin hoton ankon biki da tallan turaren wuta, kuma ko da ta ji wani abu bai yi mata daidai ba a ido ba ta da kalmar da za ta faɗe shi da ita. Ga kuma kara irin tamu, mutum ya kawo miki abin da ya ɓata dare yana yi ki ce masa da gyara, ai nan take za a ce baƙin ciki kike masa. To wannan yabon ki karɓe shi a matsayin abin da yake, addu'a ce da ƙarfafa gwiwa kuma kina buƙatarsu ranar da kika gaji, amma kar ki nemi darasi a cikinsa don babu.

Maganar wancan bawan Allah kashi uku ce

Ki sake karanta abin da ya rubuta a natse. Ya ce fuska a karkace, ya ce kala kamar toka, ya ce ki koma fensir. Biyun farko abin da idonsa ya gani ne a jikin hoton, na ukun hukunci ne da ya yanke miki daga zuciyarsa. Kuma ina da yaƙinin na ukun ne ya hana ki buɗe manhaja kwana uku, har ya rufe miki biyun farko waɗanda su ne kaɗai gyara na gaskiya da kika samu a wata takwas. Bai iya magana ba, wannan kam haka ne, amma ya ba ki abin da ƙawaye ashirin ba su ba ki ba.

Misalin da nake ba yarana kullum shi ne na tela. In kika karɓo ɗinki kika saka kika ce wa tela hammatar nan ta matse ni, to gaskiyarki ne ɗari bisa ɗari don ke kika saka rigar a jikinki. Amma in kika ce masa ya ƙara inci biyu a kafaɗa, nan kuma kina iya yin kuskure, wataƙila matsalar daga yankan hannun take ba daga kafaɗa ba, shi ya san wannan. Haka mai kallon zane yake. Inda ya nuna da yatsa ya ce nan akwai matsala, yawanci da gaskiyarsa. Maganin da ya rubuta miki kuwa sai kin tace, don ke ce telar.

Ban ga hoton ba, don haka ba zan yanke cewa lallai ga abin da ya faru ba, amma waɗannan cututtukan biyu na san su sarai a wajen masu zane da waya. Karkacewar fuska tana zuwa ne saboda hannun kowa yana da ɓangaren da yake rinjaya, ga waya ana riƙe ta a gicciye ana kwance a katifa, ga kuma zumin, kin zuƙo ido ɗaya ya cika sikirin kina ta gyara gashin ido minti arba'in ba ki ga inda ɗaya idon yake ba. Idonki kuma ya saba da hoton tun daga layin farko har ya daina ganin laifinsa, gwano ba ya jin warin jikinsa. Maganin yana cikin ibisPaint ɗin da ke hannunki: ki juya kanbas ɗin, wato shafin da kike zane a kai, hagu ya koma dama kamar a madubi. Wallahi ranar farko da mutum ya yi wannan sai ya riƙe baki, don karkacewar da mutumin nan ya gani za ta fito miki ɓaro-ɓaro. Ki mai da shi ɗabi'a, duk bayan minti goma ko sha biyar ki juya, tun a matakin zanen farko kafin ki sa kala. Sannan ki ja layi ɗaya daga tsakiyar goshi zuwa haɓa, ki ja wani ya ratsa idanu biyu, ki duba ko sun yi daidai da yadda kan ya karkata. A babban mutum idanu suna wajen tsakiyar kai ne in aka auna daga ƙoƙon kai zuwa haɓa, masu koyo kuma kusan kullum sama suke kai su. Tsakanin ido da ido kamar faɗin ido ɗaya ne, kunne kuma yana tsakanin layin gira da ƙasan hanci. Ba doka ba ce da ba a karyawa, fuskokin mutane sun bambanta, amma ma'auni ne da za ki fara da shi.

Ita kuwa tokar, wannan ta fi damuna don ta shafi yadda muke zana kanmu. Yawancin bidiyon koyarwa da ke YouTube da farar fata suke misali, sai yaro ya ɗauko ruwan ƙasa ya shafa, in zai yi inuwa ya sa baƙi, in zai yi haske ya sa fari, ya bi da burushin feshi ya murje komai. Baƙi da fari in suka hau ruwan ƙasa toka suke bayarwa, fatar ta mutu kamar ta wanda ya kwana a hunturu bai shafa mai ba. Ki je ki kalli fuskar mai furar nan da rana, ki kalla da gaske. Akwai ja-ja a kumatu da kan hanci, inuwar ƙarƙashin haɓa tana ɗaukar wani jan garura mai duhu ko shuɗi-shuɗi, goshi kuma yana ƙyalli yana ɗaukar kalar sama, in tana zaune kusa da farar ƙwarya ko farar roba hasken yana dawowa ya taɓa ƙasan fuskarta. Baƙar fata tana da ƙyalli sosai, kuma wannan ƙyallin ne yake nuna siffar fuska. Ki buɗe sabuwar leya, wato shafi mai shara-shara da ake ɗorawa a kan zanen, ki sa ta a Multiply, zaɓin da yake sa kalarta ta duhunta abin da ke ƙarƙashinta, ki yi inuwa da jan kala mai duhu maimakon baƙi, ki bar wasu gefunan inuwar da kaifinsu kar ki murje duka. In kin gama ki mai da hoton baƙi da fari na ɗan lokaci ki gani, in fuska da mayafi da bango duk suka haɗe suka zama abu ɗaya to matsalar haske da duhu ce ba ta kala ba.

Ko maganar fensir ɗin ma in aka cire mata rashin ladabin akwai ɗan abin ɗauka. Zana fuska da yatsa a sikirin mai inci shida aiki ne mai wuya ko ga gwani, yatsan yana rufe layin da kike ja. Da yawa daga cikinmu a takarda muke fara zanen farko, mu ɗauki hotonsa, mu shigo da shi a matsayin leya, mu bi layin mu sa kala a waya. Wannan ba komawa baya ba ne, ƙarin makami ne.

Yadda ake roƙon gyara

A nan ne mafi yawan masu koyo suke yin asara. Mutum ya tura hoto ya rubuta "ya kuka gani?" To me za a ce masa? Tambaya mai faɗi amsa mai faɗi take jawowa, ko a ce ya yi ko a ce bai yi ba. In kina son gyara ki faɗi abu uku: me kike son hoton ya nuna, a wane mataki yake, kuma ina ne kike shakka. Misali ki ce, "Ina son a ga gajiyar tsohuwar nan da mutuncinta bayan ta wuni a rana, ban gama ba ina matakin inuwa, bakin ƙwaryar ne nake ganin kamar bai zauna a ƙasa ba, me ya jawo?" Duk wanda ya san zane in ya ga irin wannan tambayar zai ji daɗin amsa ta, zai ce miki bakin ƙwarya in ana kallonta daga gefe ba da'ira ba ne, siffar ƙwai ce a kwance, kuma tana ƙara matsewa yayin da ta matso daidai tsayin idonki. Kin samu darasin da zai bi ki har kofi da faifai da bakin tulu. Shi kuma mai neman wajen zagi kin rage masa fili.

Kuma ki daina jira sai kin gama. Hoton da kika ɓata awa goma kika sa masa hannu da kwanan wata, in aka ce miki wuyan ya yi tsawo ba abin da za ki ji sai ciwo don gyaran yana nufin rushe komai. Amma in a zanen farko na minti ashirin aka faɗa miki, gogewa ɗaya ce. Magini ma ai tun ana tushe ake ce masa layin ya karkace, ba sai an yi rufi ba.

Wasu ƙananan abubuwa da suke ɓata gyara ba tare da an lura ba: WhatsApp yana matse hoto ya rage masa inganci, to in za ki tura wa wanda zai duba miki ki tura a matsayin dokimen. Sikirin ma ya bambanta, wayar da ke da irin sikirin da ake kira AMOLED tana ƙara wa kala ƙarfi, wata wayar kuma tana dusashe ta, don haka kafin ki yarda kalarki ta mutu ki duba a waya biyu ko uku. In kin yi amfani da hoton da kika ɗauka wajen kwaikwayo ki haɗa da shi. Sannan ibisPaint yana naɗar bidiyon yadda kika yi zanen daga farko har ƙarshe, wannan bidiyon ni ya fi min amfani a kan hoton da aka gama, don a ciki nake ganin yaro ya fara da gashin ido kafin ya tsayar da ƙoƙon kai, in gane asalin ciwon. Yana kuma rufe bakin masu cewa AI ce ta yi, wato kwamfuta ce ta ƙirƙiro hoton da kanta, wanda tun wajen 2022 da manhajojin AI irin su Midjourney suka bazu ya zama abin da ake jifan masu zane da shi.

Game da wa za ki tambaya, ba kya buƙatar guruf mai mutum ɗari biyar. Mutum biyu ko uku sun isa, waɗanda kika ga aikinsu da idonki kuma kika ga yadda suke yi wa wasu magana. Wanda ya fi ki da kaɗan ma sau da yawa ya fi babban gwani amfani, don bai manta wahalar da kike ciki ba. Su ma waɗanda ba su iya zane ba kar ki yar da su, tambayar kawai za ki canza. Kar ki ce wa Umma ya yi kyau? Ki ce mata, Umma matar nan shekarunta za su kai nawa, murna take ko gajiya, me kika fara gani? In kin zana tsohuwa Umma ta ce ai wannan ba ta wuce talatin ba, kin samu gyaran da babu yabo babu zagi a cikinsa. Kuma Umma ce za ta gaya miki ba haka ake ɗaura zani ba, ko ludayin nan ba na fura ba ne, abin da gwanin zane na Japan ko Amurka ba zai taɓa gani ba.

Lokacin da nake shago akwai wani aikin kalanda da na kwana huɗu a kansa, na cika shi da ado, dagi a kowace kusurwa, kala wajen bakwai, rubutu iri huɗu. Maigidana ya zo ya tsaya a bayana ya yi shiru, sai ya sa tafin hannunsa ya rufe rabin sikirin ya ce, "A ina kake so idon mutum ya fara sauka?" Ban da amsa. Bai ce ya yi muni ba, bai ce in cire komai ba, ya tafi sallah ya bar ni da tambayar. Kafin ya dawo na cire fiye da rabin adon da hannuna. Har yau duk aikin da zan yi sai na ji wannan tambayar a kunnena, kuma ita ce mizanin da nake auna gyara da shi: in magana ta sa na koma kan aiki da abin yi a hannuna to gyara ce, in ta sa na rufe kwamfuta ina jin ni ba kowa ba ne to akwai abin da zan zubar a cikinta.

In gyaran ya zo da zafi, kar ki amsa a daren. Zuciya tana tafasa a lokacin kuma duk abin da za ki rubuta kare kai ne, "ai da yatsa na yi", "ai ban daɗe da farawa ba". Duk gaskiya ne amma ba ya gyara fuskar. Ki kwana, da safe ki ce na gode, a wane ɓangare ka ga karkacewar, ido ne ko haɓa? Wanda ya san abin da yake faɗa zai nuna miki, wanda iskanci ne ya kawo shi zai ɓace ko ya ƙara zagi, shi kuma sai ki toshe shi ba tare da jin nauyi ba. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da aka ce. Mutum ɗaya in ya ce hannayenki ƙanana ne yana iya zama ra'ayinsa, mutum uku da ba su san juna ba in suka faɗa a hotuna daban-daban to kin san abin da za ki yi wa atisaye watan nan.

Ba kowace shawara ake ɗauka ba

Akwai kuskure akwai kuma ɗanɗano, kuma dole ki koyi raba su. Ido ɗaya ya fi ɗaya hawa ba da niyya ba, kuskure ne. Inuwa ta faɗi ɓangaren da haske yake fitowa, kuskure ne. Amma wanda zai ce ki ƙara mata haske a fata don ta fi kyau, ko ki siranta hancin, ko ki yi manyan idanu irin na katun ɗin Japan, ko ki sa ƙyalli ko'ina kamar hotunan AI, wannan son ransa yake gaya miki. Kin tashi zana tsohuwa mai fura ne da tamojin fuskarta da zanen da rana ta yi mata, duk shawarar da za ta mai da ita wata mata daban ba taki ba ce ko da daga gwani ta fito.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ke Zariya wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya. Malamansu yawanci Turawan Ingila ne masu koyar da tsarin Turai. Ba su ƙi koyon ma'auni da sarrafa kala daga wajensu ba, sun koya sosai, amma sun ƙi yarda a ce abin da za a zana da yadda zai kasance sai irin na Turai. Okeke ya koma kan uli, zanen jiki da bango na gargajiyar Ibo, ya gina aikinsa a kai. Yau su ake karantawa a tarihin zanen Najeriya. Ke ma kina da zanen bangon gidajen Zariya da Kano, da aska takwas ta babbar riga, da zanen ƙwarya da na lalle, ki karɓi gyaran ƙashi da haske daga kowa amma kar ki bari a gyare miki idonki.

Wani abu kuma da na san za ki haɗu da shi in ba ki riga kin haɗu ba, masu shigowa ƙarƙashin hoto da maganar hukuncin zana abu mai rai. Wannan ba fagena ba ne, fagen malamai ne, ki zauna da malamin da kika amince da iliminsa ki tambaye shi a natse ki tsaya a kan abin da ya gamsar da ke. Abin da zan ce kawai kar ki haɗa shi da gyaran zane a kwando ɗaya, tambaya ce daban mai wajen yinta daban.

Sai ƙaninki

Zan gaya miki abin da ya faru da ni don kar ki maimaita. Akwai wani yaro da aka kawo min, ɗan shekara sha biyar haka, yana da hannu ƙwarai. Ya zana mahayin doki na hawan sallah ya kawo min yana murmushi, ni kuma don ina ganin zai iya ɗauka sai na zauna na lissafa masa duk abin da na gani, ƙafar doki, girman kai, rawani, inuwa, linzami, har abu goma sha. Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Ya ce to, ya tafi, bai sake kawo min zane ba. Abin yana damuna har yanzu, don na gane a ranar ilimina na nuna masa, ban koyar da shi komai ba.

To ke in ya kawo miki, kafin ki ce uffan ki tambaye shi me yake son yi a nan, kuma wane waje ne ya fi ba shi wahala. Sau da yawa zai nuna miki daidai inda kike shirin nunawa, kin ga an huta, ya zama shi ya kawo ƙara ke kuma taimako kike. Sannan ki faɗi abin da ya yi daidai amma ki kama suna, "ya yi kyau" ba ta koyar da komai, "yadda ka sa rigar tana kaɗawa ya sa na ji dokin gudu yake" ita ce za ta sa ya san abin da zai maimaita. Kuma ki faɗe shi don gaskiya ne ba don share fagen "amma" ba, yara suna ganewa da wuri in yabo na shimfiɗa ne, daga nan sai su daina jinsa su zauna jiran dukan.

Bayan haka abu ɗaya tak za ki gyara, mafi girma. Ni tsarin da nake bi shi ne siffa da ma'auni tukuna, sai haske da duhu, sai kala, ado da ƙananan abubuwa su ne ƙarshe, don ba amfanin gyara igiyar takalmi a ƙafar da ta fi ɗaya tsawo. In za ki nuna masa, kar ki zana a kan aikinsa kai tsaye, ki nemi izini ki buɗe sabuwar leya a sama ki ja layin gyaran da ja, ya kunna ya kashe ya ga bambancin, aikinsa na nan yadda ya bar shi. Kar ki yi a gaban abokansa ko a guruf ɗin gida. Ki ƙare da ba shi abin yi ƙarami, misali ya zana hannunsa na hagu sau biyar kafin Juma'a ya kawo miki.

Wata Ba'amurkiya mai tsara raye-raye, Liz Lerman, ta fito da wani tsari na ba mai fasaha gyara a kan aikinsa a 1990 da makarantun fasaha da dama suke amfani da shi, kuma abin da ya fi burge ni a ciki shi ne mataki na ƙarshe: mai gyara ba ya faɗin ra'ayinsa sai ya ce ina da ra'ayi a kan kaza, kana son ji? Mai aikin yana da damar cewa ba yanzu ba. Na gwada wannan da yarana kuma abin mamaki kusan kullum cewa suke eh, amma saboda su suka buɗe ƙofar da kansu sai maganar ta shiga. In kuma ƙanin naki ƙarami ne sosai, ɗan tara ko goma, to ni a ganina ki rage gyara ƙwarai, a wannan shekarun yawan zanen ne yake koyar da shi, ki dai riƙa tambayarsa labarin abin da ya zana, gyaran ya jira sai ya nema da bakinsa.

Yanzu dai ki buɗe manhajar yau, ki ɗauko tsohuwar nan ki juya kanbas ki gani da idonki. Kar ki goge fayil ɗin kuma kar ki tsaya yi masa kwaskwarima har abada, ki ajiye shi da kwanan wata yadda yake. In da hali ki koma wajen mai furar ki gaishe ta ki nemi izinin ɗaukar hotonta da rana, ki sake zana ta daga farko, wannan karon ki tsayar da layin tsakiyar fuska da na idanu kafin komai, ki yi inuwar da ja mai duhu. In kin kai matakin zanen farko, kafin ki sa kala, ki turo min shi tare da tsohon a matsayin dokimen, ki rubuta min waje ɗaya da kike shakka, daga nan za mu ɗora in sha Allah.